Gadar da ba hannun mutum ya gina ba

Yau cikin daji, mun fito daga kogo ke nan idanuna ba su gama sabawa da haske ba, sai ga wata makekiyar gadar dutse a kanmu, bishiyoyi sun tsiro a bayanta, saiwoyinsu na reto ƙasa. Na ce wa mai yi mana jagora, "Malam, wannan kuma ta yaya?" Ya ce ai ragowar rufin wani kogo ce. Sauran ya rufta tuntuni, wannan ɓangaren ne ya tsaya. Nan fa na yi shiru. Ashe manyan duwatsun da muke ta tsallakewa, gansakuka ta rufe su, su ne rufin da ya zubo. Kuma duk aikin ruwa ne: ruwan sama ya ratsa ruɓaɓɓen ganye da ƙasa, ya ɗan yi tsami, ya bi tsagar dutsen farar ƙasa yana narkar da shi kaɗan-kaɗan, shekaru dubbai.

Sai kogon da muka baro ya faɗo mini a rai. Tsinayen dutsen da ke zubowa daga rufinsa, ɗigon ruwa ne ke gina su, wasu sai sun shekara 1,000 kafin su ƙaru da santimita 10, shi ya sa aka hana mu taɓawa, don maiƙon hannu na ɓata su. Abokan tafiya dai hoto suke ta ɗauka, ban ga laifinsu ba. Ni kam har yanzu tunanin da nake yi, shi ma wancan kogon wata rana ruftawa zai yi, kuma ɗazu muna ciki muna ta dariya.