Yammacin Talata a Ƙofar Nassarawa

Yau da yamma ina cikin adaidaita sahu daga Kantin Kwari zuwa Titin Gidan Zoo, sai direbanmu ya gogi wata ƙaramar mota a cunkoson da ke kusa da gadar Ƙofar Nassarawa. Ɓarnar ba ta wuce fashewar fitilar baya da ɗan karce a fenti ba, amma kafin mu sauka mai motar ya riga ya ci kwalar yaron, shi kuma yaron ya zura hannu ƙarƙashin kujera yana laluben sifana.

Na mayar da wayata aljihun ciki, na ja da baya zuwa bakin wani shago inda bango ke bayana kuma ina ganin hanyar fita, domin duk mazaunin Kano ya san cewa idan jama'a suka taru kallon faɗa, masu ƙwacen waya suna cikinsu. Wata mata da muka hau tare ta tsaya ɗaukar bidiyo, na ce mata, "Hajiya, ki ɓoye wayar nan, ki matso gefe," ta kuwa ji.

Wanda ya kashe wutar wani dattijo ne mai sayar da goro. Ya taso a hankali, tafukan hannuwansa a buɗe, ya tsaya daga gefensu maimakon ya kutsa tsakiya, sannan ya yi sallama da ƙarfi har sai da dukansu suka amsa. Ya dubi mai motar ya ce, "Alhaji, an yi maka ɓarna, kowa ya gani, saki rigar mu je mu duba." A ganina nan ne gwanintarsa take, domin 'yan kallo tun ɗazu suke ta cewa a yi haƙuri, maganar kuwa ƙara tunzura mutumin take yi, tunda yana jin kamar so ake a danne masa haƙƙi. Da aka amsa masa cewa shi aka cuta, sai hannunsa ya saki da kansa. Ga yaron kuma dattijon ya rage murya yadda taron ba zai ji ba, ya ce, "Ɗana, mayar da ƙarfen nan, kuɗin fitila ya fi sauƙi a kan diyya."

Daga nan ya janye su daga idon mutane, ya zaunar da su a kan bencinsa. Hakan ya tuna mini hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, wanda ya umarci mai fushi ya zauna idan a tsaye yake. Ya bar kowa ya faɗi nasa ba tare da katsewa ba, bai kuma yarda a koma kan zagin da aka yi ba, magana ɗaya ya riƙe, wato nawa ne gyaran. Aka kira mai gyara a waya ya faɗi farashi, yaron ya biya rabi nan take, ya ba da lambarsa da ta mai babur ɗin, Alhajin kuma da ya huce ya yafe kuɗin fenti.

Da dare na ba ƙanena labarin, tunda shi ma direban adaidaita sahu ne. Ya ce tun da aka hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, baburan masu ƙafa uku suka cika titi, kuma direban da balas, wato kuɗin da zai kai wa mai babur, ke jiransa kowace yamma yana ganin ko minti goma na tsayawa asara ce, shi ya sa ransa ke saurin ɓaci. Na roƙe shi ya daina ajiye sifana kusa da hannu, kuma idan rikici ya fi ƙarfin baki ya kira lambar gaggawa ta 112. Ya ce, "Yaya, zan mayar da shi cikin akwatin baya," sai dai zan leƙa babur ɗin da kaina gobe da safe kafin ya fita.