Teburin da ya tsage ya mayar da ni makaranta

Shekarata ta huɗu da buɗe shagon kafinta na kaina aka ba ni aikin teburin jibin Ubangiji na wata majami'a. Na yi addu'a kafin in ɗora zarto a kan katakon, na yi aikin da zuciya ɗaya, na goge shi har mutum yana ganin fuskarsa a ciki. Wata biyar bayan haka, da rani ya yi nisa, fasto ya aiko a kira ni. Saman teburin ya tsage tun daga baki har kusan tsakiya, tsagar tana iya ɗaukar ɗan yatsa. Na tsaya a gabansa, hannuna a kan tsagar, na rasa abin faɗa.

Laifin farko na mai sayar da katako ne, wanda ya rantse mini cewa kayan sun bushe sarai. Har gobe wannan ne ciwon sana'armu: a sare itace yau, a tsaga shi gobe, jibi a ce maka ya shekara a inuwa. Amma laifi na biyu nawa ne, kuma shi ya fi damuna. Ban san yadda zan gane gaskiyarsa ba, ban kuma san abin da katako yake yi bayan ya bar hannuna ba.

Maigidan da ya koya mini aiki gwani ne na gaske. Yakan ƙwanƙwasa katako da bayan yatsa, ya kasa kunne, ya ce, "Yaro, wannan da sauransa." In na ce, "Baba, ta yaya ka sani?" sai ya ce, "Kunnenka zai buɗe." Shekara bakwai na yi a gabansa. Na samu hannunsa wajen haɗa gaɓa ba tare da ƙusa ba, na samu haƙurinsa wajen wasa kayan aiki, amma dalilan da ke bayan abin da yake yi bai taɓa zayyana mini su ba. Teburin nan ne ya tura ni neman su.

Na nemi littattafan aikin katako, na shiga intanet, na tambayi masu busar da katako a injin. Abin da na gano ya ba ni mamaki. Katako yana shan danshin iska yana kuma fitar da shi muddin yana nan, ko ya shekara hamsin a ɗaki. Ba ya fara tsukewa sai danshinsa ya sauka ƙasa da kusan kashi 30 cikin 100, daga nan kuwa kowane ɗigon ruwa da ya fita sai faɗinsa ya ragu. Tsawonsa kusan ba ya motsi, faɗin ne ke tafiya yana dawowa. Kayan cikin ɗaki suna son katakon da danshinsa bai wuce kashi 12 ba. Idan ka yi tebur mai faɗin mita ɗaya da katako mai kashi 20, yana iya rage santimita 2 ko fiye kafin ya zauna. Ni kuwa na bi na ɗaure saman teburin tam da gam da ƙusa ta kowane gefe, ban bar masa wurin numfashi ba. Da ya ja ya ga babu hanya, sai ya tsage.

Na sayi ƙaramar na'urar auna danshi, mai ƙusoshi biyu da ake cakawa a jikin katako. Ranar da na fara zuwa sayayya da ita, wani dillali ya ce na raina shi. Na caka a katakon da yake yabo, ta nuna 24. Tun daga ranar, katakon da zai shiga shagona sai an auna shi a gabana, sannan a jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani domin iska ta ratsa. Mai kaurin inci ɗaya yakan ci kusan shekara kafin ya bushe da kansa. Saman tebur kuwa, yanzu muna kama shi da ƙusa ta cikin ramuka masu ɗan tsawo, domin ya samu wurin motsi damina da rani.

Akwai 'yan'uwa a cikin bangaskiya da suke ganin yawan bincike kamar ƙarancin dogara ga Allah ne. Ni na karanta akasin haka. A Littafi Mai Tsarki, Fitowa sura ta 31, da Ubangiji ya zaɓi Bezalel domin aikin alfarwa, ya cika shi da Ruhunsa, kuma abin da aka lissafa shi ne hikima da fahimi da sani da gwaninta, har da sassaƙar itace. A sura ta 35 aka ƙara cewa an ba shi, shi da abokin aikinsa Oholiyab, baiwar koya wa waɗansu. Wanda ya fi taɓa ni shi ne Sulemanu. Mutumin da Allah ya ba hikima fiye da kowa, da zai gina Haikali, sai ya aika wa Hiram sarkin Taya cewa a cikin jama'arsa babu wanda ya iya saran itace kamar Sidoniyawa. Yana nan a 1 Sarakuna 5:6. Sarki guda bai ji kunyar cewa wani ya fi shi sani ba, ina ga ni? Karin Magana 19:2 ma ta gargaɗe mu a kan himma marar sani, kuma ita ce ta tsaga teburina: himma ina da ita, addu'a na yi, sanin ne babu. Markus 6:3 ya nuna mutanen garinsu sun san Yesu da sana'ar sassaƙa. Ba na iya tunanin ƙofar da ta fito daga hannunsa tana ƙin rufuwa.

Binciken bai tsaya a kan katako ba. A karatu na ci karo da cewa tun 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo dajin hanci. Na dubi yaran shagona, gashin girarsu fari fat da ƙura, jikina ya yi sanyi. Amanar iyayensu ce a hannuna. Yanzu babu mai kunna injin gugar katako ba takunkumi a fuska.

Masu kwaikwayo suna nan, ba sa gajiya. Su ɗauki hoton kujerarmu a Facebook, su haɗa mai kama da ita da ɗanyen katako, su lulluɓe da fenti mai sheƙi. Mai saye ya zo yana nuna mini hoton a waya, yana cewa, "Maigida, ga irinta can da araha." Nakan juya tawa in nuna masa cikinta, inda ido ba ya kaiwa: yadda gaɓa ta shiga gaɓa, da lambar danshin da muka rubuta da fensir ranar da aka yanka katakon. Wani ya gane, wani ya tafi, ya dawo bayan rani ɗaya da ƙafar kujera a hannu.

Kowace Asabar da yamma muna ajiye kayan aiki da wuri. Mu yi addu'a, sannan ɗaya daga cikin yaran ya kawo abin da ya bincika a makon. Makon jiya ƙaraminsu ne ya nuna mana wata hanyar haɗa kusurwar akwati da ban taɓa gani ba, na karɓi guntayen katakon na gwada sau uku kafin ta zauna mini.

Teburin majami'ar kuwa na sake shi kyauta, da katakon da na auna da hannuna. Yana nan har yau. Tsohon saman da ya tsage na rataye shi a bangon shago, kusa da inda muke ajiye na'urar awon.