Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a hanyar Zariya

Alhamdulillah, mun dawo Kano lafiya, ni da uwargida da yara uku, ko ƙwarzane babu wanda ya samu. Tun ranar Asabar wayata ba ta huta ba, kuma ba kowa na iya amsa wa ba, shi ya sa na ga ya dace in rubuta godiyata a nan, in kuma faɗi yadda hatsarin motar da muka yi ya faru, don da yawa sun tambaya.

Makonni biyu kafin tafiyar na kai motata, Honda Accord ƙirar 2008, gareji don a yi mata gata. Aka sa mata manyan rim da sababbin tayoyi, aka canza faifan birki da takalmansa, da tiyon birki na gaba, da boris na gaba biyun da suka fara kuka. Ina fitowa daga garejin fitilar ABS (na'urar da ke hana tayoyi ƙamewa in an taka birki), mai ruwan ɗorawa, ta kama ta ƙi mutuwa. Na koma, aka ce min, "Alhaji, sabon rim ne, in motar ta saba za ta mutu da kanta." Na yarda. Birkin ma na ji ya yi laushi, sai na taka sau biyu yake kamawa sosai, na ce wa raina sabon takalmi ne bai zauna ba. Wannan sakacin nawa ne, kuma da iyalina na ɗauka a ciki.

Mun wuce Kwanar Dangora ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai babbar motar da ke gabanmu ta ci birki. Na taka, ƙafata ta nutse. Na sake takawa da ƙarfi, tayoyin suka ƙame, motar ta kama sulɓi, ina murza sitiyari ba ta ji. Salatin uwargida kawai nake ji. Allah Ya sa gefen titi muka gangara, muka kafe a taɓo, tsakaninmu da wata kwalbati bai fi taku uku ba.

Godiyata ta farko bayan ta Allah ga mutanen ƙauyen nan ce. Cikin ruwan suka fito, wasu ko takalmi babu. Wani dattijo ya ciro autarmu ya lulluɓe ta da babbar rigarsa, yana cewa, "Ɗana, bar motar, fara duba yaran." Matasa suka sa kafaɗa suka fito da ita, taɓo har gwiwa. Na miƙa musu na goro, suka ƙi karɓa. Allah Ya saka muku da mafificin alheri.

Sai yayana da ya taso daga Zariya ya kwashi iyali, ya sa aka jawo motar, ya haɗa ni da wani mai rewaya. A kan bawan Allahn nan zan ɗan tsaya. Bai taɓa ko noti ɗaya ba sai da ya jona kwamfutar gwaji. Ta nuna sansar tayar gaba ta hagu, wato ƴar na'urar da ke karanta gudun tayar, ba ta kai saƙo. Wani da sai ya ce a sayo sabuwar sansa, shi kuwa ya auna wayarta ya ce lafiyarta ƙalau. Ya tambaye ni me aka taɓa a wannan ƙafar, ina cewa boris ya gyaɗa kai.

Ashe boris ɗin gaba na irin wannan motar fuska biyu gare shi. Ɗaya tana da zoben maganaɗisu a jikinta, ita ce dole ta kalli ciki, wajen sansa, don daga nan kwamfutar ABS take sanin gudun kowace taya. An buga shi a juye. Da aka ciro, ya ɗauki ƴar siririyar waya ya ɗora a fuska ɗaya ta zame, ya ɗora a ɗayar ta ɗan manne. Da idona na gani. Ya ce, "Ranka ya daɗe, tunda ba ta ganin taya ɗaya, sai ta kashe kanta gaba ɗaya. Birki na nan, amma mai hana tayoyi ƙamewa ya tafi hutu." Aikin ABS kenan: in taya za ta ƙame, ta riƙa sakin birkin tana kamawa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, don direba ya iya kaucewa. A busasshen titi sati biyu ban ji rashinta ba, sai da ruwa ya sauka.

Laushin kuwa iska ce ta shiga layin lokacin canza tiyo, ba a fitar da ita duka ba. Shi da bakaniken da ke gefensa suka zubar da tsohon man birkin da ya yi baƙi, suka sa sabon mai nau'in DOT 3 kamar yadda aka rubuta a murfin, suka bi tayoyin huɗu ɗaya bayan ɗaya, yaro na takawa ana sassauta noti, har kumfa ta daina fitowa. Rim ɗin da na ɗora wa laifi ya wanke su: tunda tayoyin huɗu girmansu ɗaya, ba su ne suka kunna fitilar ba. Boris kam sai da na sayi wani, don wanda aka buga aka ciro ba ya komawa. Malam, kuɗin da ka karɓa bai kai rabin aikinka ba. Allah Ya yi wa sana'arka da zuri'arka albarka.

Na gode wa maƙwabta da abokan aiki da suka cika mana gida da jaje, da surukata da ta kwana tana mana addu'a. Wanda ya buga boris ɗin ma na je na same shi, na nuna masa, ya ba da haƙuri, na yafe.

Saura direban tankar da ke bayanmu, wanda ya tsaya ya kunna fitilun haɗari, ya tare mana hanya har aka fito da yara. Ko fuskarka ban gani da kyau ba saboda ruwa. In saƙon nan ya iso gare ka, ni ne mai baƙar Honda, kuma kana cikin addu'ar gidanmu.