Godiya Bayan Makon Karatu

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdu lillahi, makon karatun da muka shirya wa ɗalibanmu na sakandare ya kammala lafiya ranar 23 ga Afrilu, wato Ranar Littafi ta Duniya da UNESCO ta keɓe tun 1995. Masu hannu a ciki suna da yawa, ba zan iya bin kowa ɗaya-ɗaya ba.

Ranka ya daɗe shugaban makaranta, mun gode da ka yarda aka ware minti 20 kowace safiya, alhali jarrabawa na tafe, manhaja kuma ba ta ƙare ba. Malamai 'yan uwana, sannunku da ƙoƙari. Ba ku tsaya bakin ƙofa kuna gadi ba, kowa ya ɗauko littafinsa ya zauna cikin yara, har malamin lissafi, wanda da farko ya ce abin na malaman harshe ne.

Malama mai kula da laburare kuwa, godiyarki daban ce. Ke kika fito da littattafai daga kabad kika baje su a tebur, kika ce kowa ya zaɓi wanda ya yi masa: labari, tarihi, waƙa, har mujallar ƙwallo. Wanda ya fara bai ji daɗi ba ya mayar ya canja. Babu maki, babu "rubuta abin da ka fahimta". A ganina wannan ne ya ja yaran. Da yawa cikin waɗanda muke cewa ba sa son karatu, ba su taɓa riƙe littafin da ba na jarrabawa ba ne kawai. Wasu kuma kunya ce: suna tuntuɓe a kalma, suna gudun a yi musu dariya, sai su fake da "ba na ra'ayi". Manyan ɗalibai da suka riƙa zama da irin waɗannan bibbiyu, wannan ya karanta shafi wancan ya karɓa, Allah ya yi muku albarka.

Iyayen da suka ajiye waya suka saurari abin da yaro ya karanto, da waɗanda suka aiko da littattafai ba su yarda a faɗi sunansu ba, Allah ya saka da alheri.

Minti 20 ɗin nan za su ci gaba zango mai zuwa. Wanda yake da littafin da ya gama da shi, ya miƙo wa laburare. Wanda kuma ya ara, don Allah a dawo da shi, akwai masu jira.