Saitin Safiyar Hunturu Bai Kai Ni Bazara Ba

A shekarun da nake aikin soja an kai mu atisaye dajin Falgore, a kudancin jihar Kano, inda na daidaita saitin bindigata mai harsashi mai kaurin milimita 7.62 da sanyin safiyar Janairu, abin bara yana nisan mita 600. Harbi ya zauna daidai, na ɗauka magana ta ƙare. Da muka koma a watan Afrilu, wajen ƙarfe biyu na rana, sai harsasaina suka riƙa sauka sama da inda na auna, har na fara ɗora wa bindigar laifi.

Wani dattijon saje ne ya taɓa kwanson harsasan da na bari a rana, ya ce, "Yaro, ita bindigar tana nan yadda take, iskar ce ba ta Janairu ba."

Daga baya na gane cewa abubuwa biyu ne suka haɗu mini. Iskar sanyi ta fi nauyi, saboda haka ta fi rage wa harsashi gudu, ya yi saurin faɗuwa. Tsakanin safiyar hunturu mai maki 12 da tsakar ranar bazara mai maki 40 a ma'aunin Salshiyos, nauyin iska yana raguwa da kusan kashi 9 cikin 100, wanda a mita 100 ba ka ganin tasirinsa, amma a mita 600 ba ya ɓoyuwa. Na biyu kuwa albarushi ne, domin idan ya ɗauki zafi ƙonewarsa ta fi ƙarfi, harsashi ya fita da ƙarin gudu. Wannan sakacina ne, ba na yanayi ba.

Danshin damina na daɗe ina zaton yana ƙara wa iska nauyi, ashe rage shi yake yi, kuma kaɗan ne ƙwarai.

Abin da ya fi wahalar da ni shi ne kawalwalniya, wadda takan sa abin bara ya yi ta rawa a madubin bindiga, a gan shi a inda ba ya nan. Sajen ya koya mini in lura da ɓangaren da take karkata, domin can iska ta nufa, idan kuma ta miƙe sama tamkar tururin tukunya, to iska ta lafa ko tana tahowa gaba-da-gaba. Tun daga wannan atisaye nake rubuta wata, lokaci da zafin rana a gefen kowane saiti, harsasai kuma suna cikin jaka a inuwa.