Fábrica ba yadi ba ne, ni na ɗana na ji

Da a bara wani ya ce min zan zauna a shagon yadi a Kwari ina haddar kalmomin Sifaniyanci da dariya zan masa wallahi. Amma ga shi wata bakwai kenan ina fama, kuma sanadin duk wata kwastoma ce daga Malabo, can Ikwatoriyal Gini inda ake Sifaniyanci, wani abokin cinikinmu ne ya haɗa mu a WhatsApp tana son shadda da atamfa, Turancinta ba yawa, ni kuma Sifaniyancina a lokacin bai wuce gol da Hala Madrid ba.

Da farko na ɗauka abin banza ne tunda ina jin Turanci, don da ka fara za ka ga kalmomin kamar 'yan uwa ɗaya. Wadda ta ƙare da tion sai ta koma ción, information ta zama información, nation ta zama nación. Mai ty a ƙarshe ta koma dad, university universidad, quality calidad, wannan kam kullum sai na rubuta ta. Exactly kuma exactamente. Sannan bakinsu ba ya iya fara kalma da s wani baƙi na biye, sai sun liƙa e a gaba, student estudiante, school escuela, special especial. Wannan ya ban dariya don mu ma halinmu kenan, mu a tsakiya muke cusa wasalin, shi ya sa muke da sitiyari da sukurudireba.

Sati biyu kai ya fara kumbura, na daina duba ƙamus, kawai in ɗauko kalmar Turanci in ƙara mata a ko o a wutsiya in tura.

Rannan sabbin kaya sun sauka, ina murna na rubuta mata tengo fábrica nueva, a nufina ina da sabon yadi, tunda fabric yadi ne ai. Sai ga saƙonni suna shigowa kamar ruwan sama, tana taya ni murna, wai in turo hoton injina, ma'aikata nawa ne, kuma tunda abin nawa ne to daga yau farashin kamfani zan riƙa ba ta. Na zauna ina kallon waya, ƙanena da ke tsaron shago ya leƙo ya ce Yaya lafiya? Na ce duba min wannan kalmar. Ashe fábrica masana'anta ce! Ni da ko keken ɗinki ban mallaka ba na zama mai masaƙa. Sai da na kwashe kusan awa ɗaya ina warware zancen, kuma har yau in tana son ragi sai ta tsokane ni da shi.

To kun san yadi a bakinsu? Tela. Eh, tela dai kamar telanmu mai ɗinki, shi kuma mai ɗinkin sastre suke ce masa. Ƙanena har ya faɗi kan bandir ɗin shadda don dariya.

Daga nan na sayi ɗan littafi na fara rubuta irin waɗannan mayaudaran kalmomi, masu kama da na Turanci amma ma'anarsu daban. Ropa ba igiya ba ce, tufafi ne. Largo ba babba ba ne, dogo ne, babba grande, kuma ga mai auna yadi wannan ba ƙaramin tarko ba ne. Carpeta ba kafet ba, fayil ne na zuba takardu. Éxito nasara, ƙofar fita kuwa salida. Librería shagon sayar da littattafai, laburare biblioteca. Sopa miya ce, sabulu jabón. Embarazada kuwa mai juna biyu ce ba mai jin kunya ba, Allah Ya tsare ni ban taɓa tura mata wannan ba.

Abin da ban zata ba shi ne inda Turanci ya yar da ni, Hausa da ɗan Larabcin makarantar allo ne suka ɗauke ni. Musulmi sun yi mulki a Andalus, can ƙasar Sifaniya, tun 711 har faɗuwar Garnaɗa a 1492, don haka yaren cike yake da Larabci. Ran da na ga hasta, ana ce min until ce, na ce kai wannan ai hatta ce. Alcalde a Turanci mayor, amma asalinta alƙali. Aceituna zaitun, taza kofin shayi, 'yar uwar tasa, azúcar sukari. Fulano kuma ba Bafulatani ba ne, wane ne, daga fulan na Larabci. Waɗannan sau ɗaya na gani suka zauna, ba sai da hadda ba.

Sai maganar jinsi. A manhajar da nake koyo Turawa sai kuka suke wai ta yaya tebur zai zama mace, ni ko a jikina, ai mu ma mota mace ce, littafi namiji. Har dokar ma kusan ɗaya, yawancin masu ƙarewa da a mata ne, kuma kamar yadda gida da ruwa da nama suka fanɗare a Hausa, su ma suna da el día da el problema da el mapa. Shi ya sa yanzu littafina layi biyu ne, Sifaniyanci da Hausa, Turancin sai in ya zama dole.

Jiya na tura mata kaya turmi ashirin, ta rubuto ojalá llegue pronto, wato Allah Ya sa ya iso da wuri, ojalá ɗin ma daga Larabci take, 'yar uwar in sha Allah. Na karanta tsaf ba ƙamus. Sai kuma ta biyo da saƙon murya na minti biyu, tana magana kamar ana kora ta, na saurara sau huɗu, tela da lunes kawai na tsinta, wato yadi da Litinin, sauran sai ƙanena ya dawo daga sallah mu sake kunnawa.