Baƙin Kabon da Bututun Nano a Sana'ar Fayif

Masana'antarmu ƙarama ce a rukunin masana'antu na Sharada a Kano, kuma baƙin fayif na roba muke yi, wanda akasari manoman rani na Kura da Kadawa ke saye domin jan ruwa zuwa gonakinsu. Mai saye yakan ɗauka baƙin launin ado ne kawai, alhali shi ne ke raya fayif ɗin, domin farar roba idan ta daɗe a rana sai ta bushe ta riƙa tsagewa. Abin da ke hana hakan shi ne baƙin kabon, wani gari da ake samu idan an ƙona mai nauyi a cikin tanderu ba tare da isasshiyar iska ba.

Ƙwayoyin garin nan da nanomita ake auna su, wato mita ɗaya a raba ta gida biliyan, kuma ƙa'idar fayif ta duniya ta nemi ƙwayar ta kasance tsakanin nanomita 10 zuwa 25, yawan garin kuma kashi 2 zuwa 2.5 cikin ɗari na nauyin robar. Ƙanƙantar ce ta sa ɗan kaɗan yake wadatarwa, saboda ƙwayoyin suna bazuwa ko'ina su shanye ɓangaren hasken rana da ke lalata roba tun kafin ya ratsa ciki. Mu ba ma taɓa garin tsurarsa. Yana zuwa mana ne a dunƙule cikin ƙwayoyin roba masu ɗauke da kashi 40 na kabon, sai mu zuba kilo biyar zuwa shida a cikin kowane kilo ɗari kafin mu ɗura wa injin narkarwa.

A wajen gauraya ne ake gane wanda ya iya sana'ar. Duk wanda ya taɓa haɗa tawadar allo ya san cewa idan baƙin bai niƙu da ƙaro sosai ba, gudaji ne za su toshe alƙalami. Haka kabon yake a cikin roba. Shi ya sa a kowane sabon haɗi nakan sa a yanko siririn yanki daga fayif, a matse shi tsakanin gilasai biyu masu zafi har ya zama kamar leda, sannan mu ɗaga shi ga haske. Idan launin ya fito bai ɗaya, sai a ci gaba da aiki. Idan kuwa aka ga ɗige-ɗige da farin zane, to daga nan fayif zai fashe ranar da aka ɗora masa injin ban ruwa.

A 'yan shekarun nan dillalai suna yawan kawo mana tallar ƙwayoyin da suka ce akwai girafin ko bututun nano a ciki. Kayan biyu gaskiya ne. Sumio Iijima na kamfanin NEC a Japan ya bayyana bututun nano a 1991, Andre Geim da Konstantin Novoselov kuma suka ware girafin a Jami'ar Manchester a 2004, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2010. Girafin shimfiɗa ce ta kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, bututun nano kuwa kamar a nannaɗe wannan shimfiɗar ne. Dukansu sun fi ƙarfe ƙarfi idan aka kwatanta da nauyinsu, suna kuma ɗaukar wutar lantarki da zafi. Masu ƙera batirin litiyam suna sa bututun nano domin wuta ta yi saurin ratsawa, masu ƙera motoci kuma sun daɗe suna sa shi a tiyon fetur domin kada wutar gogayya ta taru ta yi tartsatsi. Robar da sai an cika ta da baƙin kabon kashi 15 ko fiye kafin wutar lantarki ta iya ratsa ta, har ta yi gautsi, kashi 2 ko 3 na bututun nano sun ishe ta.

Duk da haka ban saya ba, domin manomi ba ya neman fayif mai ɗaukar lantarki, kuma bututun nano yana cukurkuɗewa fiye da baƙin kabon, sai inji mai sukuru biyu ne ke iya warware shi da kyau, namu kuwa mai ɗaya ne. Ga tsada, ga shi kuma ba mu da na'urar da za ta tabbatar mana cewa abin da aka rubuta a jikin buhu shi ne a ciki. Akwai kuma batun lafiyar yaran da ke niƙa tsohuwar roba, tunda hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa baƙin kabon da wani nau'in bututun nano a jerin abubuwan da mai yiwuwa su jawo cutar, shi ya sa ba mai shiga ɗakin niƙa ba takunkumi. Idan wata rana masu gidajen mai suka nemi mu yi musu tiyon da ba ya tara wuta, a lokacin ne zan fara lissafin kuɗin sabon inji.